Kalandar Manoman Gyaɗa da Shekarar da Muka Bar Fim

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Wasu maganganun ina jin su a kunnena kamar ɗazu aka faɗa, wasu kuwa ina zargin na ɗan gyara su saboda yawan maimaitawa. Ko yawan hotunan da ke kan kalandar ba zan iya rantsewa ba. Talatin da wani abu ne dai, a iya tunawata.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na dawo Gaya ba aiki, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya ce in riƙa zama a maɗaba'arsa kafin Allah ya kawo wani abu. Ƙaramin wuri ne, ɗaki biyu. Na ciki akwai tsohon injin buga takardu mai cin kala ɗaya, wanda wani dattijo Babarbare yake tuƙawa tun kafin in shiga firamare. Kakanninsa daga gabas suka zo, amma shi a Gaya aka haife shi, kuma ban taɓa sanin mutum mai son tsokana kamarsa ba. Tun ranar da na fara zuwa ya sa mini suna Injiniya, alhali ba abin da na karanta ke nan ba.

Ga yadda aiki yake tafiya a lokacin. Inji ba ya buga komai sai an ɗaura masa faranti, wato wani faffaɗan alminiyam marar kauri da aka gasa hoton aikin a jikinsa. Kafin a samu faranti kuwa sai an bi ta fim. A Kano ake fitar mana da fim, wata leda ce mai ƙarfi da ake gani ta cikinta. Aiki mai kala yana buƙatar fim huɗu: na shuɗi, na ja, na rawaya, na baƙi. Idan aka kawo su, sai Kawu ya zauna a gaban wani tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, ya yanka da reza, ya jera, ya manna da salatif. Daga nan a ɗora a kan faranti a haska masa wuta, a wanke da ruwan magani mai warin da ke hawa kai. A gefen kowane fim akwai 'yar alama kamar ta tarawa a lissafi. Dole alamun nan huɗu su hau kan juna daidai. In ɗaya ta goce ko da kaurin gashi ne, fuskar mutum za ta fito da inuwa.

A nan damuwata ta fara. Ban daɗe a wurin ba na lura Kawu ba ya gani sosai. Bai faɗa ba, ba wanda ya faɗa. Amma sai ya ɗaga takarda ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, ya ce fitilar nan ta yi rauni. A canza fitila, ya ce ta yi haske da yawa. In ya tashi daga teburin nan idanunsa jawur, suna ruwa. Kalandar ƙungiyar manoman gyaɗa ta Ajingi, wadda ita ce babban aikinmu na shekara, a shekarar da ta gabata ta fito da jan zare a gefen kowace fuska. Mutanen ba su yi magana ba saboda girman Kawu, amma ni na ji kunya, kuma na san shi ma ya ji.

Wani abokin karatuna da ke aikin ɗab'i a Kano shi ya ba ni labarin sabuwar hanyar da suke kira CTP. Ba fim a cikinta sam. Ka tsara aikinka a kwamfuta, ka tura, wata na'ura ta zana shi kai tsaye a kan faranti da haske. Na'urar ba ta irinmu ba ce, ba mu isa mu saya ba, amma akwai masu ita a Kano da ke yi wa ƙananan maɗaba'u aiki. Ka tura da safe, su sako maka faranti huɗu a bas.

Na yi kusan wata guda ina juya maganar a raina kafin in iya furta ta. Ni mutum ne mai tsoron a ce na yi rashin kunya, kuma ba yadda za a yi in ce wa Kawu idonsa ne dalili. Sai na bi ta wajen warin magani da ɓata lokaci. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Wato in tura aikina inda ba na gani, a dawo mini da shi a gashe?"

Na ce, "Kawu, za ku gani kafin a tura."

"Fim in ya yi kuskure ina yanka shi. Faranti yana yankuwa?"

"Ba ya yankuwa."

"To."

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan kwanaki, da hotunan Ajingi suka fara shigowa, sai ya kira ni ya ce, "Ga kalandar nan, yi ta yadda kake so. In ta fito daidai, sai mu yi magana. In ta ɓaci, kada ka ƙara kawo mini zancen nan, ni ma ba zan tuna maka ba."

Na san abin da hakan ke nufi. In na faɗi, Kawu zai koma kan teburin gilashi har ranar da idon zai ƙi gaba ɗaya, kuma ni ne zan zama na rufe ƙofar.

Ban taɓa yin aiki da kulawa irin wannan ba. Na gyara hasken kowane hoto. Na buga wa mutane waya na tabbatar da sunayensu. Na ɗauko kalandar bara na shimfiɗa a gabana don in bi tsarinta, sai na ga wani abu da ya yi mini kama da kuskure. Shugaban ƙungiya yana tsakiyar layin sama, ma'aji a damansa, amma sakatare yana can ƙarshen layi na uku, cikin sauran membobi. Na ce a raina, wannan ma idon ne. Sai na gyara. Na ɗauko sakatare na ajiye shi a hagun shugaba, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda na saba gani a kowace takardar ƙungiya tun ina makaranta. Har daɗi na ji, na rufa wa Kawu asiri ba tare da ya sani ba.

Na fitar da samfuri a ƙaramar takarda na miƙa masa. Ya riƙe, ya ɗan jima, ya ce, "Ya yi." Na tura.

Farantan suka iso ana saura kwana uku taron ƙungiyar, wanda suke yi ranar kasuwar Ajingi, kuma a nan ake raba kalanda. Da na buɗe kwalin, Babarbare ya zo ya tsaya a kaina. Ya ɗaga ɗaya ya karkata shi wajen haske, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Injiniya, ko gashin gemu ana ƙirgawa. Ashe karatun naka ba na banza ba ne gaba ɗaya."

Al'adar ƙungiyar ce shugaba ya zo da kansa ya ga aiki kafin a ɗora a inji. Da hantsi ya iso a kan babur. Alhaji ne dogo, Bafulatani, daga gidajen da suka daɗe da barin kiwo suka kama noma. Tsakaninsa da Babarbare kuwa wasa ne na gado, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

Yana shigowa ya ce, "Kai Babarbare, ubangidanka ya shigo kana zaune?"

"Wane ubangida? An bar shanu an koma tonon gyaɗa, yau kuma an zo kallon fuska. Shigo ka ga yadda Injiniya ya rage maka muni."

"Allah ya shirye ka. Da ba mu ba, da wa zai ba ka ƙuli-ƙuli?"

Aka yi dariya, aka gaisa. Na jingina farantin shuɗi da bango, don a kansa fuskoki suka fi fitowa, na tsaya gefe ina jiran yabo. Alhaji ya matso ya duƙa. Na ga idonsa ya sauka a layin sama, sai ya miƙe da sauri ya juya ya kalli ƙofa.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka. Sai dai bana a cire hotona. Na tsufa. A bar wa yara."

Na ce, "Alhaji, ko hoton ne bai yi muku ba? Ana iya sake wani."

"Hoto lafiya lau. A dai cire."

Babarbare ya ce, "Ya ga kansa a jikin ƙarfe ya tsorata. Bafulatani da tsoro!"

Alhaji bai rama ba. Wannan ne ya sa ɗakin ya yi tsit, don ba a taɓa jifansa da magana ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ya ce yana da uzuri a kasuwa, ya yi sallama. Kawu ya raka shi har bakin babur.

Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce, "Karanto mini layin sama."

Na karanta sunan ma'aji, na karanta na shugaba.

"Sai wa?"

"Sai sakatare."

"A ina?"

"A kusa da shi, ta hagu."

Kawu ya yi salati. Babarbare ya dafe kai.

Kawu ya ce, "Ɗansa ne. Ɗan fari."

Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Mahaifiyata har yau ba ta kiran sunan babban yayanmu. Abin da ban sani ba shi ne dangantakar mutanen nan biyu. Sakataren a garin Balan ya tashi, a hannun kakarsa, kuma da sunan garin yake amfani, ba na mahaifinsa ba. Kawu ya ce tun da aka haifi mutumin nan, wanda shi ma yanzu yana da 'ya'ya manya, Alhaji bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. A wajen taro sakatare a baya yake zama da littafinsa, in ana son magana da shi sai Alhaji ya ce a gaya wa mai rubutu. Ni kuma na haɗa kafaɗunsu a takardar da za ta kwana shekara a bangon kowane shago a Ajingi. Kuma Alhaji ba zai iya cewa a raba shi da ɗansa ba, don faɗin hakan ma ambaton ɗan ne. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya cire kansa.

A lokacin na gane abin da Kawu yake yi a kan teburin nan shekara da shekaru. Daga Kano hotuna a hargitse suke zuwa a fim. Shi ne yake zama da reza yana raba wanda ya kamata a raba, yana ɗaga wanda ya kamata a ɗaga. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, ba wanda ya taɓa gaya masa, shi ma bai taɓa gaya wa kowa ba. Da na cire fim daga aikin, na cire wannan zaman tare da shi ban sani ba.

Kawu ya tsaya a gaban farantin. Can ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Kuma na duba. Sau biyu na duba."

Babarbare ya juya ya kama goge inji, wurin da ya riga ya goge. Ni ma na sunkuyar da kai.

Sai Kawu ya ɗaga murya. "Tashi ka tafi Kano ka karɓo mini fim. In yanka abina yadda na saba."

Na yi lissafin kwanaki. Yankan hoto talatin da wani abu, kowanne sau huɗu, yakan ci masa kwana huɗu ko lokacin da idonsa ke da ƙarfi. Kwana uku muke da shi, biyu daga ciki na inji ne. Kuma in na tafi na karɓo fim ɗin nan, shi ke nan, an gama. Ban taɓa musa wa Kawu ba a rayuwata. Ranar ma ban ce a'a ba.

Na ce, "Kawu, laifina ne, ba na farantin ba. Ku ba ni awa ɗaya. In ba ta yi ba, zan tafi in karɓo fim ɗin da ƙafata."

"Awa ɗaya ka yi me?"

"Ku zauna nan ku nuna mini inda kowa zai zauna."

Na jawo masa kujera gaban kwamfuta. Ya ƙi zama da farko, ya tsaya a bayana hannunsa a baya. Na buɗe kalandar, na ƙara girman hoton farko har fuskar mutum ɗaya ta cika allon. Na ji ya matso. Na wuce na biyu. Sai ya zauna.

Ya ce, "Wannan ai mai shagon taki ne. Ya yi ƙiba."

Daga nan bai tsaya ba. "Sakatare ya koma ƙarshen layi na uku. Wa ke ƙarƙashin shugaba? A'a, surukinsa ne, matsar da shi gefe. Wannan da wancan wa da ƙane ne, ka sa ƙanen a sama, sauko da shi. Waɗannan biyun sun yi rigimar iyakar gona, an sasanta, amma kada ka gwada su, sa liman a tsakani." Duk wanda ya ambata sai in ja hoton da ɗan yatsa in ajiye. Ba reza, ba salatif, kuma kala huɗun suna tafiya tare. Ya ce in mayar da wani inda yake, na mayar. Ya ce in sake dawo da shi, na dawo da shi. Ina jin gwada ni yake, ko gwada na'urar.

Ya ce, "Shi ke nan? Ya zauna?"

Na ce, "Ya zauna."

Babarbare daga ciki ya ce, "Malam, kai ma ka zama injiniya. Saura ni kaɗai jahili a gidan nan."

Kurakurai huɗu ya samo bayan na sakatare, kuma duk nawa ne. Ba mu cika awa ɗayan ba, ko kuma mun ɗan wuce ta, ban duba agogo ba.

Na tura aikin ta waya, amma ban iya zama in jira bas ba. Na hau mota zuwa Kano da kaina. Duk hanya, har muka haye gadar Wudil, ina buɗe hoton a waya ina sake bin layukan, ina tsoron ko na tura tsohon ne a madadin sabon. A can na tsaya na ga farantan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na duba layin sama a kowanne. Da dawowa na ƙi yarda a sa kwalin a but ɗin mota. Na rungume shi a cinyata, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana tambaya ko madubi ne. Na iso Gaya ana kiran magariba.

Washegari aka fara bugawa. Shuɗi da ja a rana ta farko, rawaya da baƙi a ta biyu. A da, kowace kala sai Babarbare ya ɓata tarin takarda yana matsar da faranti kafin ta hau kan 'yar'uwarta. Wannan karon bai ɓata ko rabin haka ba. Da baƙi ya sauka, ya zaro takarda ɗaya ya ɗora gilashin ƙara girma a kan alamar gefe, ya miƙo mini. Alama ɗaya na gani, ba huɗu ba.

Ni da Kawu muka kai kalandar Ajingi da safiyar taron, a keke mai ƙafa uku. Ba mu cire hoton Alhaji ba, Kawu ya ce shi zai ɗauki nauyin wannan. Alhaji ya zare ɗaya daga ƙunshin ya buɗe. Ya kalli layin sama. Ban ga ya kalli layi na uku ba, ko da yake ba zan ce bai kalla ba. Ya naɗe ta ya sa a hammata.

Ya ce, "Ina Babarbaren naku? Ku gaya masa na ga aikin, ba laifi, a matsayinsa na barana."

Bai ƙara cewa komai a kan cire hoto ba, mu ma ba mu tayar ba.

A hanyar komawa sai da muka kusa gida sannan Kawu ya ce akwai aikin katin makarantar Islamiyya da ke jira, in tura shi ta hanyar nan. Amma da sharaɗi: ba abin da zai fita daga maɗaba'ar sai ya zauna ya gani a allo, da girmansa, ya ce a tura. Na ce na yarda. Haka muke yi har yau. Ba na so in yi ƙarin gishiri. Har yanzu muna dogara da Kano, in ba wuta ko ba sabis muna jira, kuma kuskuren da ya hau faranti sai dai a sake faranti. Amma warin maganin ya bar ɗakin, aikin kwana huɗu ya koma na yini, fuskoki suna fitowa ba inuwa, kuma Kawu yana aikinsa ba tare da idonsa ya yi ruwa ba. Maganar idon kanta ba mu taɓa yin ta baki da baki ba. Wata rana dai ya ce in raka shi asibitin ido, na raka shi.

Wannan shi ne abin da na riƙe. Babarbare yana cewa kurakuran da Kawu ya samo shida ne, ba huɗu ba, kuma wai shi ne ya fara gane abin da ya dami Alhaji. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Duk wanda yake wurin a kwanakin nan, ko a maɗaba'a ko a taron Ajingi, ya ga na sauya wata magana, ko na sa ta a bakin wanda ba shi ya faɗa ba, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun Kawu, zan karɓa da godiya.